Ceton Bankuna: Gurguzu Ne, Ko Gyara Kayanka?

  

A ƙarƙashin gadon Baba akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe. A cikinta yake ajiye takardun gida, da hoton Kakanmu wanda ya fara sauka Ibadan da fataucin goro, da wasu takardu masu ado a gefe kamar satifiket ɗin makaranta. Waɗannan su ne takardun shaidar hannun jarin da ya saya a wani banki a shekarar 2007, na naira dubu 400. Lokacin ina da shekara tara, amma ban manta ba. Wasu samari ne masu laktaye suka riƙa zuwa rumfarmu a kasuwar Bodija, su zauna a kan buhun wake, suna gwaranci da Hausa: "Alhaji, kuɗinka zai haihu." Baba ya saya. Maƙwabtansa na rumfa ma suka saya. Bayan shekara biyu gwamnati ta ceci wannan banki daga rushewa, amma takardun Baba har yau ko kuɗin buhun wake ɗaya ba su dawo da shi ba.

Abin da ya tuno mini da adakar nan shi ne wata gardama da aka yi a teburin mai shayin unguwarmu. Wani abokina da ke karatun tattalin arziki a jami'a ya ce duk gwamnatin da ta ɗauki kuɗin jama'a ta ceci banki, to ta shiga gurguzu ko ta sani ko ba ta sani ba. Sai wani dattijo tela, tsohon ɗan PRP, ya ajiye kofinsa ya yi dariya. Ya ce, "Yaro, in dai wannan shi ne gurguzu, ashe mu da muka bi Malam Aminu dukan banza muka sha." Abokina ya ce, "Baba, ai a Amurka ma haka manyansu suka kira shi." Dattijo ya ce, "To su ma ba su san shi ba."

Ni ban yi jami'a ba, iyakata sakandare, sai rumfa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin kuɗin gidanmu na ciki. Na yi 'yan watanni ina bin tarihin abin, ga kuma abin da na samo.

Mene ne gurguzu tukuna?

Kafin a ce wa abu gurguzu, ya kamata a duba yadda masu gurguzun da kansu suka yi da bankuna lokacin da mulki ya zo hannunsu.

A Rasha, watanni kaɗan ma ba a yi ba bayan juyin juya halin 1917, gwamnatin Lenin ta fitar da doka a watan Disamba ta ƙwace bankuna masu zaman kansu, suka zama mallakar hukuma. A Tanzaniya, Julius Nyerere ya yi shelarsa ta Arusha a watan Fabrairun 1967, washegari ya mayar da bankunan ƙasar hannun gwamnati, har da na Turawa irin su Barclays. A Indiya, Indira Gandhi ta karɓe manyan bankuna 14 a watan Yulin 1969, daga nan aka tilasta musu buɗe rassa a ƙauyuka da bai wa manoma rance. A Faransa ma, gwamnatin Mitterrand ta mayar da bankuna sama da 30 hannun hukuma a 1982.

Mai karatu, ka lura da abubuwa uku a nan. Na farko, ba don bankunan suna shirin mutuwa aka karɓe su ba. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, suna cin riba. Na biyu, ba da niyyar mayarwa aka karɓa ba. Na uku, manufar ita ce a sauya wanda ke samun rance da wanda ke cin ribar. Ko tsarin ya yi kyau ko bai yi ba, wannan wata magana ce daban; a wurare da dama bankunan gwamnati sun koma saniyar tatsar 'yan siyasa. Amma dai wannan shi ne gurguzu: sauke mu raba.

Ko a gida, abin da dattijon nan yake tunawa ke nan. Tun daga kafa NEPU a 1950, maganar Malam Aminu Kano ita ce talaka ya samu sa'ida. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, aikin farko da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka yi shi ne soke haraji da jangali. Wato an ɗauke kaya daga kan na ƙasa. Mu riƙe wannan ma'auni, mu tafi Amurka da shi.

Abin da ya faru a 2008

Tushen rikicin bashin gidaje ne. Shekaru da dama bankuna a Amurka suna ba mutane rancen sayen gida, har da waɗanda kowa ya san ba su da halin biya. Dalili kuwa, wanda ya bayar da rancen ba shi zai jira a biya shi ba. Sai ya tattara basussukan nan dubbai, ya ɗaure su kamar huhun goro, ya sayar wa wani banki, shi kuma ya sayar wa na gaba, har Turai. Duk wanda ya yi harkar goro ya san abin da ruɓaɓɓe ɗaya ke yi a cikin huhu. Muddin farashin gidaje na hawa, ba wanda ya damu ya kwance ya duba. Da farashin ya fara sauka daga 2006, mutane suka kasa biya, sai aka rasa wanda ya san nawa ne ruɓaɓɓe a huhun wa. Bankuna suka daina yarda da junansu, suka daina bai wa juna rance.

A watan Satumbar 2007 aka ga mutane a Birtaniya sun yi layi a ƙofar bankin Northern Rock suna neman kuɗinsu. A Fabrairun 2008 gwamnati ta karɓe shi. A watan Maris, Babban Bankin Amurka ya tsaya wa JPMorgan ya sayi Bear Stearns da ke gab da faɗuwa. Ranar 7 ga Satumba gwamnati ta karɓi ragamar Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu da ke tsaya wa bashin gidaje. Ranar 15 ga Satumba aka bar Lehman Brothers ya faɗi da bashin sama da dala biliyan 600 a kansa. Wannan kamfani, da na karanta tarihinsa sai ya ba ni tausayi kaɗan, domin 'yan'uwa ne baƙi daga Jamus suka fara shi da kanti da cinikin auduga a jihar Alabama, kamar dai yadda kakanninmu suka fara da rumfa a garin da ba nasu ba. Ya shekara 158 kafin ya rushe.

Faɗuwar Lehman ta girgiza duniya, har gwamnati ta tsorata. Washegari, 16 ga wata, ta zuba dala biliyan 85 a kamfanin inshora na AIG, ta karɓi kusan kashi 80 cikin ɗari na mallakarsa. Daga nan sakataren baitulmali Henry Paulson, wanda shi kansa tsohon shugaban bankin Goldman Sachs ne, ya je majalisa da takarda mai shafi uku yana neman dala biliyan 700. Kuɗin nan ya ninka kasafin gwamnatin tarayyar Nijeriya na wannan shekarar fiye da sau 20. Ranar 29 ga Satumba majalisar wakilai ta ƙi amincewa, da ƙuri'a 228 a kan 205. A ranar kasuwar hannun jari ta New York ta yi mummunar faɗuwa, ma'aunin Dow Jones ya zube da maki 777. Kwana huɗu bayan haka, 3 ga Oktoba, suka amince, Shugaba Bush ya sa hannu.

A nan ne kalmar gurguzu ta shigo. Sanata Jim Bunning na jihar Kentucky, ɗan jam'iyyar Bush, ya ce wannan gurguzun kuɗi ne, kuma ba ɗabi'ar Amurka ba ce. Hugo Chavez na Benezuwela, wanda ya sha zagi saboda ƙwace kamfanoni, ya samu abin ba'a, ya riƙa kiran Bush kwamared. Amma Bush da bakinsa ya warware zancen a wata hira a watan Disamba, inda ya nuna cewa ya ajiye ƙa'idojin kasuwar 'yanci ne domin ya ceci ita kasuwar 'yancin. A ganina duk cikinsu shi ya faɗi gaskiya.

Kuma ba a kansa aka fara ba. A 1932, Shugaba Hoover, wanda ba mai iya zarginsa da gurguzu, ya kafa hukumar bai wa bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa rancen ceto. A 1984, zamanin Reagan, babban maƙiyin Tarayyar Sobiyet, gwamnati ta karɓi kashi 80 na bankin Continental Illinois don kada ya faɗi, daga baya ta sayar. Tun daga lokacin maganar nan ta yaɗu, cewa akwai bankin da ya fi ƙarfin a bar shi ya mutu. A watan Maris na 2023 ma, da Silicon Valley Bank ya faɗi, an tsaya wa masu ajiyarsa gaba ɗaya, har waɗanda kuɗinsu ya haura abin da inshora ta ɗauka. Abin da ake maimaitawa a kai a kai a hedikwatar jari-hujja, a ƙarƙashin shugabannin jari-hujja, da wuya a ce baƙo ne a gidan.

Ina aka kwana?

Mu ɗauko ma'aunin nan namu. Shin lafiyayyun bankuna aka karɓa? A'a, marasa lafiya ne. Shin da niyyar riƙewa aka karɓa? A'a. Manyan bankunan Amurka sun mayar da kuɗin cikin 'yan shekaru, har da riba a sama. Gwamnati ta sayar da ragowar hannun jarinta na AIG a watan Disambar 2012. Birtaniya ta sayar da Northern Rock ga Virgin Money. Bankin RBS, wanda gwamnatin Gordon Brown ta fara ceto a 2008, aka zuba masa fam biliyan 45 da ɗoriya har hukuma ta mallaki sama da kashi 80, an yi ta sayar da shi kaɗan-kaɗan, aka ƙarasa a watan Mayun 2025, kuma da asara. Gaskiya ne Fannie Mae da Freddie Mac sun haura shekara 15 a hannun hukuma, wannan hujja ce ga abokina, ban ɓoye ta ba. Amma ko su, ba a taɓa cewa an karɓe su don a raba wa talakawa gidaje ba.

Saura tambaya ta uku, wadda ta fi muhimmanci: an sauya wanda ke cin moriya? A watan Maris na 2009, wata shida kacal bayan ceton AIG, aka ji kamfanin zai raba wa ma'aikatan sashen da ya jawo masifar garaɓasar dala miliyan 165. A gefe guda, miliyoyin iyalai aka ƙwace wa gidaje, rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari a watan Oktoban 2009. An ware wani abu don taimakon masu bashin gida, amma ya yi kaɗan, ya kuma yi jinkiri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya sa fushi ya taso ta ɓangare biyu: masu ra'ayin riƙau suka fito a 2009 suna cewa an kawo musu gurguzu, matasa kuma suka mamaye unguwar Wall Street a 2011 suna cewa an yi musu fashi. Abu ɗaya suke kallo, suna biyu suka ba shi.

To mu a nan gida fa?

Ashe mu ma tsohon zance ne. Tsakanin 1947 da 1952 bankunan 'yan ƙasa sun yi ta tsiro a Ikko da sauran garuruwan Kudu ba tare da wata doka ba. Da aka kafa dokar banki ta 1952, da yawansu suka mutu da kuɗin mutane. Waɗanda suka tsira, gwamnatocin jihohi ne suka tallafe su. A 1955 gwamnatin Jihar Gabas ta sa aka zuba kuɗin jama'a a African Continental Bank, bankin da Dokta Azikiwe da iyalinsa ke da hannu a ciki, abin da ya jawo binciken kwamitin Foster-Sutton a 1956. A Jihar Yamma, kuɗin hukumar sayen amfanin gona ne ya riƙe National Bank. Wato gumin manomin kwakwar manja da manomin koko ne ya fara ceton banki a ƙasar nan, tun kafin Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959.

Bayan tsarin SAP na 1986, aka saki lasisi, bankuna suka tashi daga kusan 40 zuwa kusan 120 cikin 'yan shekaru. Ƙarshenta ba ta yi kyau ba. A watan Janairun 1998 kaɗai aka rufe bankuna 26. A wancan lokaci iyakar abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke lamunce wa mai ajiya naira dubu 50 ne. Tambayi dattawan kasuwa, akwai waɗanda tun daga lokacin suka koma ajiya a ƙarƙashin katifa. Wannan shi ne kamannin rashin ceto, kuma duk mai cewa a bar kasuwa ta yi hukuncinta ya kamata ya fara jin labarinsu.

A watan Yulin 2004 gwamnan Babban Banki, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. A nan ne Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. Neman jari ya sa bankuna suka bazama kasuwanni suna tallar hannun jari, har suka iso rumfar Baba. Farashi ya yi ta hawa har watan Maris na 2008. Sai guguwar Amurka ta iso: 'yan kasuwar waje suka kwashe kuɗinsu, gangar mai ta faɗo daga dala 147 a watan Yuli zuwa ƙasa da 40 a Disamba, kasuwar hannun jari ta Ikko ta rasa kusan kashi biyu cikin uku na darajarta a shekara guda. Wasu bankunan sun ba mutane rance don su sayi hannun jari, wasu sun narka kuɗi a hannun masu shigo da mai. Duka biyun suka ruɓe lokaci ɗaya.

Ranar 14 ga Agustan 2009, sabon gwamna Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, Afribank, Finbank, Intercontinental, Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira biliyan 420. A watan Oktoba aka ƙara biliyan 200 ga wasu, jimilla biliyan 620. Aka buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu. Shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu a watan Oktoban 2010, aka yanke mata wata shida, aka karɓe dukiya mai yawa daga hannunta. A wannan shekarar aka kafa hukumar AMCON don ta saye ruɓaɓɓun basussukan bankuna, abin da ya ɗora mata nauyin tiriliyoyin naira. A watan Agustan 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank kacokan, aka sauya musu suna zuwa Mainstreet da Keystone da Enterprise.

Nan ma wasu sun yi ihun an mayar da bankuna hannun gwamnati. Amma dubi abin da ya biyo baya. A 2014 aka sayar da Mainstreet ga Skye Bank, aka sayar da Enterprise ga Heritage Bank, a 2017 aka sayar da Keystone. Shi Skye ɗin da ya saya, a 2018 shi ma ya durƙushe, aka zuba naira biliyan 786 aka mayar da shi Polaris, aka sake sayarwa a 2022. Heritage kuwa an soke lasisinsa a watan Yunin 2024. Ka ga ke nan gwamnati ba riƙewa take son yi ba. Wankewa take yi, ta shanya, ta miƙa wa wani ɗan kasuwar.

Abin da Baba ya ce

Na kai wa Baba duk wannan bayani wani dare bayan sallar lisha, ina jiran ya yi Allah-ya-isa. Sai ya ce, "Kai dai ba ka san komai ba. A bankin nan ina da abu biyu, hannun jari da ajiya. Ajiyar ta fi hannun jarin yawa, kuma ba duk tawa ba ce, akwai kuɗin mutanen Dawanau da suka aiko mini da kaya. Da an bar shi ya faɗi, da wane ido zan kalle su?" Na ce, "To Baba, hannun jarin fa?" Ya ce, "Wannan ciniki ne na yi, ya faɗi. Wanda ya shiga ciniki ya yarda da riba, ya yarda da faɗuwa. Abin da ke mini ciwo shi ne, ni na faɗi, amma waɗanda suka ci bashin biliyoyi suka ƙi biya har yau ina jin sunayensu a rediyo ana musu kirari."

Sannan ya ba ni labarin zamanin Kaka. A Sabo, tun kafuwarta a 1916, harkar shanu da goro a kan maigida take tafiya. Bafatake ya zo daga Arewa da shanunsa, ya sauka gidan maigida, dillalan maigida su sayar wa mahauta bashi, maigida ya tsaya. In mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya, ko da zai sayar da gida. In abin ya fi ƙarfinsa, sauran masu gida su haɗa masa. Na ce, "Ashe suna da tausayi." Baba ya ce, "Tausayi na nan, amma ba shi ne babba ba. In labari ya kai Arewa cewa ana cinye kuɗin baƙo a Ibadan, gobe shanun Agege za su wuce. Kasuwarsu suke tsarewa."

A nan na gane abin. Ba wanda zai ce masu gidan Sabo 'yan gurguzu ne. 'Yan kasuwa ne na gidi, waɗanda suka san cewa ciniki ba ya tafiya sai da yarda, in yarda ta mutu kowa ya mutu. Abin da Bush ya yi ke nan, abin da Sanusi ya yi ke nan. Gyara kayanka ne, kuma Bahaushe ya riga ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Sai dai akwai bambanci biyu, kuma a nan ne ciwon yake. Maigida daga aljihunsa yake biya, ko daga aljihun 'yan'uwansa masu gida da suke cin ribar harkar tare. Ba ya bi gida-gida ya karɓi kuɗin mai tallar koko. Na biyu, dillalin da ya jawo asarar ya gama dillanci a Sabo, mahaucin da ya gudu kuma ba mai sake ba shi ko akuya. A ceton bankuna kuwa, kuɗin na kowa ne. Ko an ce bankuna na biyan wani kaso duk shekara don rage bashin AMCON, ai a jikin mai ajiya suke fanshewa. Kuma sau da yawa wanda ya haƙa ramin ba shi ke faɗawa ba.

Shekaru uku da suka wuce motar albasar ƙanin Baba ta kife a hanyar Mokwa zuwa Jebba, jarinsa kaf a ciki. Ba hukumar da ta saye masa asararsa. 'Yan kasuwa ne suka zagaya da faranti, wannan ya sa dubu biyar, wancan dubu ashirin, har ya samu na tayar da komaɗa. Ban ce gwamnati ta bi kowace motar albasa ba. Na san faɗuwar motarsa ba za ta hana albashin ma'aikatan ƙasa fita ba, faɗuwar babban banki kuwa za ta iya. Amma kada a zo a ce mini tsarin da ya san girman mai faɗuwa kawai yake dubawa shi ne gurguzu. Da gurguzu ne, da ta kansa za a fara.

A taƙaice

Amsar da zan bai wa abokina ita ce: ceton bankuna ba gurguzu ba ne, jari-hujja ce take ɗinke ɓarakarta da zaren jama'a. In riba ta zo, ta masu banki ce. In asara ta zo, ta kowa ce. Kiran abin gurguzu ma yana ɓatar da mu, domin sai a koma gardamar suna, a manta da tambayoyin da suka dace. Wa aka ceta, masu ajiya ko masu banki? Wa zai biya? An kori waɗanda suka ɓata, an ƙwato abin da suka ci? In banki ya warke, jama'ar da suka ba da magani suna da rabo a ribar?

Kuma ana iya yin abin ta wata hanya. A watan Oktoban 2008 manyan bankuna uku na ƙasar Iceland suka rushe. Gwamnatinsu ta tsare ajiyar mutanen ƙasa, ta bar masu hannun jari da manyan masu bin bashi suka ɗauki asara, daga baya kotu ta ɗaure wasu shugabannin bankunan. Sun sha wuya ƙwarai, amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ya doka.

Mu kuma 'yan kasuwa mazauna nesa da gida, da muke riƙe da amanar mutane a asusunmu, mu ɗauki darasi biyu. Ajiya daban, hannun jari daban. Ranar wanka, mai ajiya ake fara dubawa, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. Sannan tun 2024 abin da NDIC ke lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci naira miliyan 5 ne a kowane banki. Wanda kuɗin da ke ratsa hannunsa ya wuce haka, kada ya tara su wuri ɗaya yana dogaro da cewa gwamnati za ta kawo ɗauki. Wani lokaci tana kawowa, wani lokaci ba ta kawowa.

Da muka gama hira, na ce wa Baba ko in ɗauki takardun nan in je in bincika, wataƙila akwai ɗan abin da ya rage. Ya ce in je in gwada, amma in dawo masa da su ko da ba a samu komai ba. Na ce, "Me za ka yi da su, Baba?" Ya ce, "Ranar da wani mai laktaye ya sake zuwa rumfa ya ce kuɗinka zai haihu, sai ka ɗauko ka duba." Ya mayar da su adaka, ya kulle.

Dattijon tela kuwa, da na ba shi labarin abin da na gano, cewa ya yi in saya masa shayi tunda na yarda ya fi ɗan jami'a gaskiya. Na saya. Abokina har yanzu bai sallama ba, ya ce zai kawo nasa hujjojin, kuma ina jiransa. Wanda duk yake da wani gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ga rufe bankunan 1998 da idonsu, ina maraba. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da amanar mutane da ke hannunmu.